LISSAFIN GIDA: Daga Sha Biyu Da Rabi Zuwa Ƙarfe Huɗu, Wa Ke Riƙe Da Yaron?

Na yi alƙawarin wannan makon za mu ci gaba da maganar ajiyar hatsi, to ku yi mini afuwa, wata wasiƙa ce ta shigo wadda ba za ta iya jira ba, domin komawa makaranta ta matso. Daga Bagudo ta jihar Kebbi aka aiko ta, kuma mai wasiƙar ta nemi a sakaya sunanta. Ga abin da ta ce, na ɗan taƙaita:

"Anti, ni ma'aikaciyar lafiya ce a ɗaya daga cikin ƙananan asibitocinmu. Ɗiyana biyu, namiji mai shekara huɗu da mace 'yar wata takwas. Maigidana manomin shinkafa ne, yana kuma ɗan saye da sayarwa tsakanin kasuwanninmu da na cikin Benin, wani lokaci sai ya kwana uku bai gida. Kuɗin nazaren yaron naira 18,000 ne a zango. A ido ba su fi ƙarfinmu ba, amma duk zango sai na ci bashi, ban san inda kuɗin ke zurarewa ba. Hutun haihuwata ya ƙare tuni, da jaririyar nake zuwa aiki, ga shi ta fara rarrafe. Yaron ana tashinsu sha biyu da rabi, ni kuwa sai ƙarfe huɗu. Uwar mijina ta ce za ta turo mini jikarta mai shekara goma sha ɗaya daga ƙauye ta riƙa yi mini raino. Wata 'yar'uwata da ke aure a Ingila kuma ta ce can gwamnati ce ke biyan awannin rainon yara. Mu a nan babu irin wannan ne? Ki taimake ni da lissafi."

Na kira ta a waya, muka yi kusan awa guda, ita da biro da takarda, ni da nawa. Alƙaluman da za ku gani nata ne, na gidanta. Na gidanki za su iya ɗarawa ko su gaza, musamman idan kina Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano. Hanyar lissafin ce nake so ki ɗauka.

Mun fara da inda kuɗin ke zurarewa, tun da shi ne ya fi sauƙi. Zango uku a naira 18,000 ya kama 54,000 a shekara, kuma wannan ne kaɗai adadin da ke cikin kanta duk lokacin da ta ce "kuɗin makaranta". Da muka bi sauran a hankali, sai ga yunifom kala biyu da kayan wasanni da takalmi da jaka sun ci 14,000. Littattafai, waɗanda dole a makarantar za a saya, 9,000. Kuɗin PTA da na jarrabawa 2,500 duk zango, wato 7,500. Sai bikin ƙarshen shekara, 5,000. (Ni dai har gobe ban gane dalilin da zai sa ɗan shekara huɗu ya sa rigar yaye ɗalibai da hula mai tuta ba, amma wannan maganar wata rana ce.) Jimla ta kai 89,500.

Nan ta ce, "To ai ko wannan bai isa ya sa ni cin bashi ba." Na ce ba mu gama ba. Wa ke kai shi? Ɗan kabu-kabu, 300 zuwa, 300 dawowa. Me yake tafiya da shi? Biskit ko ƙosai ko ɗan abin sha, wajen 300. Naira 900 kenan kullum, wadda ake zarowa daga jaka da safe ba a rubuta ta ko'ina. Idan aka ɗauki kwanakin makaranta kamar 190 a shekara, 900 ɗin nan ta zama 171,000. A haɗa da 89,500, an samu 260,500. A raba wata goma sha biyu, kusan 22,000 duk wata.

Ta yi shiru, har na zaci layin ne ya yanke.

Abin da ake rubutawa a rasit, wanda miji da mata ke zama su yi shawara a kansa, kashi ɗaya ne kawai cikin biyar na abin da yaron nan ke ci. Babur kaɗai ya ninka kuɗin makarantar har da ɗoriya: 114,000 a shekara. Kuma ba abin mamaki ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Mutanen bakin iyaka ma sun riga kowa ɗanɗana wannan, tun lokacin da hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a watan Nuwamban 2019. Ɗan kabu-kabu ba sadaka ya fito yi ba. Idan kuma aka tuna cewa mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a watan Oktoban 2024 naira 75,000 ne, to 22,000 ta kusa kashi uku cikin goma na albashin ƙaramin ma'aikaci, a kan yaro guda wanda ko aji ɗaya bai shiga ba.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na ajiye maganar hatsi ba. Lissafi na biyu ne, wanda kusan babu gidan da ke yin sa: lissafin awanni.

Tana fita bakwai da rabi, tana shigowa huɗu da rabi. Awa tara a rana, 45 a mako. Makarantar yaron, har da tafiya da dawowa, tana riƙe shi awa biyar a rana, 25 a mako. Saura awa 20 duk mako da ɗan shekara huɗu ba ya hannun uwa, ba ya hannun malama. Na tambaye ta ina yake zama. Ta ce wani lokaci maƙwabta, wani lokaci ɗan kabu-kabun ya sauke mata shi a asibiti ya zauna kan benci tare da masu jiran awo da masu tari, wani lokaci kuma "yana nan dai cikin unguwa". Ga jaririya kuma, ita 45 ɗin gaba ɗaya babu mai riƙe ta sai bayan uwarta, uwar da ke auna ciki, tana yin rigakafi, tana wanke ciwo. Sannan makaranta tana hutu kusan mako goma sha uku a shekara, ma'aikaciya kuwa hutunta na shekara bai wuce wata guda ba. Akwai wajen mako tara da yaron ma zai koma 45 cur.

Wato gidan nan na kashe 260,500 a shekara, amma abin da ya hana matar barci, kuɗin ko taɓa shi ba su yi ba. Shi ya sa nake cewa duk mai aiki da za ta zauna lissafin nazare, ta fara zana mako a takarda, Litinin zuwa Juma'a, awa bayan awa, ta rubuta sunan babban mutumin da ke riƙe da kowane yaro a kowace awa. Inda babu suna, nan kuɗi ya kamata su fara zuwa.

Bari in amsa tambayarta ta Ingila, domin 'yar'uwarta gaskiya ta faɗa. A can, kowane yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana da awa 15 a mako da gwamnati ke biya wa gidan raino ko nazare. Tun watan Satumban 2017 iyaye masu aiki suke samun 30, kuma daga Satumban 2025 aka faɗaɗa 30 ɗin har zuwa jariri ɗan wata tara. Sai dai da sharuɗɗa. Dole uwa da uba su kasance suna samun aƙalla abin da ya kai ladan awa 16 a mako bisa mafi ƙarancin albashi, kuma kada ɗayansu ya wuce fam 100,000 a shekara. Sannan mako 38 kawai ake biya, awa 1,140 kenan, abinci da famfas kuma yawanci iyaye ke biya daban. Su ma suna kukan hutu da awannin yamma kamar yadda muke yi. Abin da ya burge ni a tsarin nasu shi ne da awa suke lissafi. Sun gane cewa abin da uwa mai aiki ke saye lokaci ne.

Mu a Najeriya babu wanda zai ba ki takarda ya ce ga awanninki. Amma ba a ce babu komai ba, kuma ɗan abin da ke akwai da yawanmu ba mu karɓa.

Na farko shi ne ajin share fage na makarantun firamaren gwamnati, wanda malamai ke kira ECCDE. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sa kula da ƙananan yara cikin abin da ake nufi da ilimin tushe, kuma manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta ware shekara guda kafin aji ɗaya a matsayin kyauta. A jiha hukumar SUBEB ce ke riƙe da wannan, a ƙaramar hukuma kuma ofishin sakataren ilimi. Wannan ne mafi kusa da abin da ake yi a Ingila: awa huɗu ko biyar na safiya da gwamnati ta riga ta biya. Ba zan rufe ku ba, azuzuwan sun bambanta ƙwarai. Akwai inda za ki tarar da malama mai haƙuri da yara talatin a kan tabarma suna waƙar ƙirga, akwai inda za ki tarar da yara sun fi ƙarfin ido, babu ruwan sha, babu ban-ɗaki. Ba a yanke hukunci daga gida. Ki je da ƙafarki wajen ƙarfe goma na safe, ba ranar buɗe makaranta ba, ki ƙirga yaran, ki ga ko malamar tana ciki, ki dubi katanga da ƙofa, ki tambayi hedimasta abin da ake karɓa. Irin wannan ziyarar ita ma makarantar kuɗi ta cancanci a kai mata, don fenti da lilo a tsakar gida ba su ne malama ba.

Na biyu shi ne haƙƙin mai shayarwa. Sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba mace mako goma sha biyu, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin aikin, sannan rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan tarayya suna da mako goma sha shida da cikakken albashi, da sassaucin awa biyu kullum har wata shida bayan komawa aiki. Legas tun 2014, Kaduna kuma tun 2019, sun mayar da hutun wata shida, daidai da watanni shidan da likitoci ke cewa a ba jariri nono zalla. Kowace jiha da ƙaramar hukuma da nata ƙa'idar aikin, saboda haka ki nemi a nuna miki taku a rubuce, kada ki tsaya a kan "haka muka saba yi". Idan akwai sassaucin tashi da wuri, awa biyu a rana awa goma ce a mako, rabin ramin da ke gaban yaronta kenan. Na sha ganin mata suna jin nauyin tambaya don kada a ce sun cika son jiki. 'Yar'uwa, abin da doka ta ba ki ba roƙo ba ne.

Yanzu ga maganar da ta fi yi mini nauyi, ta yarinyar da za a turo daga ƙauye.

Gaskiyar da ba mu cika faɗa ba ita ce, a ƙasar Hausa akwai mai biyan awannin raino, kuma ba gwamnati ba ce. 'Yar raino ce. 'Yar ƙanin miji, ko 'yar yaya, ko marainiyar dangi, mai shekara tara zuwa sha uku, wadda ake kawowa "ta zauna da ku". Ba a biyan ta albashi, shi ya sa ba ta fitowa a lissafi. Da karatunta take biya. Ɗanmu yana nazare yana koyon A da B tun yana shekara uku, ita kuma tana tsakar gida da goyo, shekarun da ya kamata a ce tana aji biyar.

Ba daga sama nake wannan magana ba. Lokacin da na haifi ɗana na biyu ina koyarwa, aka kawo mini 'yar wata yayata, shekararta goma. Na yi niyyar sa ta makaranta "idan jaririn ya yi ƙwari". Da ya yi ƙwari sai ga wani cikin. Shekara huɗu ta yi a hannuna, ban taɓa zaginta ba, ban rage ta da ci ko sutura ba, duk Sallah da ɗinkinta, kuma a lokacin ina ganin na yi mata gata. Ta koma gida aka yi mata aure. Yau 'ya'yan da ta goya duk sun gama jami'a, ita kuwa idan ta je asibiti sai an karanta mata katin ɗanta. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, har yanzu Mama take ce mini, tana aiko mini da daddawa. Da ta yi ƙorafin ma da ya fi mini sauƙi.

Ban da wannan, ɗan shekara goma sha ɗaya yaro ne. Ba za ta iya da jaririya mai rarrafe da ɗan shekara huɗu mai guje-guje na awa tara ba, a gidan da ke da murhu da rijiya da randa, a garin da gulbi ke cika da damina. Idan wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, a kanta za a ɗora, ta girma da shi. Dokar 2004 ɗin nan da na ambata ma ta ɗora wa duk mai riƙon yaro alhakin sa shi firamare da ƙaramar sakandare, da gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu. Kowa ya san ba a cika aiwatar da ita ba, kuma ba tsoron tara nake so ya hana mu ba.

Na san mayar da kyautar uwar miji ba ƙaramin abu ba ne. Tsohuwar nan taimako ta yi niyya, kuma ita ma haka aka yi mata, haka ta yi wa wasu. Shawarar da na ba mai wasiƙa ita ce kada ta ce ba ta so, kuma kada maganar ta fito daga bakinta. Maigidan ne zai je ya ce, "Inna, mun gode, a kawo ta, amma makaranta za ta shiga tare da ɗan'uwanta." Idan yarinyar ta zo, ta zo a matsayin ɗiya ta uku, mai yunifom da jaka, wadda za ta taya wasa da ƙannenta da yamma kamar kowace yaya. A takardar awanni kuwa ba a rubuta sunanta. Idan gidan ba zai iya ɗaukar bakin ci da karatun yaro na uku ba, gara a faɗi haka tun yanzu cikin ladabi.

To wa za a rubuta? Babbar mace, wadda za a biya. Kowace unguwa akwai su: dattijuwar da ta aurar da 'ya'yanta, ko matar da ke sana'arta cikin gida, mai tsabta, wadda aka san halinta da na mutanen gidanta. Muna kai musu yara dama, sai dai a matsayin alfarma, yau a kai gobe a ji kunya, ita ma ranar da ta gaji ba ta iya faɗa. A mayar da shi yarjejeniya. A yanka mata abu duk wata, a faɗi ƙarfe nawa ake kawowa, ƙarfe nawa ake ɗauka, wa ke kawo abinci da sabulu, me za a yi ranar da take da biki ko rashin lafiya, wa aka yarda ya zo ɗaukar yaro. A bar mata lambar waya biyu. Idan ku uku ne ko huɗu a wurin aiki masu goyo, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mace ɗaya a wani gida kusa da asibitin ko makarantar, yadda mai shayarwa za ta leƙa da rabin awarta ta dawo. Amma kada a tara wa mutum ɗaya jarirai fiye da uku, hannu biyu gare ta.

Ina kuɗin za su fito? Nan ne lissafin farko ya yi rana. Akwai firamaren gwamnati da ba ta fi tafiyar minti bakwai daga gidan mai wasiƙa ba, tana bi ta gabanta kullum. Da yaron can yake, babu 54,000, babu babur. Muka ƙiyasta yunifom 8,000, littattafai da 'yan kuɗaɗen da ba a rasa ba 6,000, abin ci na nan yadda yake 57,000. Jimla 71,000. Bambancin 189,500 ne, kusan 15,800 duk wata, kuɗin da za a iya zama da mai raino a yi ciniki da su. Idan kuma ajin gwamnatin bai kwanta mata ba bayan ta gani, akwai tsaka-tsaki: a bar shi inda yake, a haɗa shi da ɗan maƙwabta a babur ɗaya, a yi wa ɗan kabu-kabun biyan wata, kuɗin hanya ya ragu da rabi, 57,000 ta dawo aljihu. Yara biyu na ce, ba biyar ɗin da muke gani an jera har kan tanki ba.

Ra'ayina, wanda na san wasunku za su yi mini ca a kansa, shi ne ga ɗan shekara huɗu, amintaccen hannu daga sha biyu da rabi zuwa huɗu ya fi Turancin safiya muhimmanci. Abin da nazare ke koyarwa a wannan shekarun, uwa mai ilimi za ta iya cike giɓinsa da minti ashirin bayan magariba. Idan ya isa aji ɗaya, ƙanwarsa ta yi wayo, sai a sake zama a duba. Na san akwai maganar ido: ma'aikaciya guda, ɗanta a makarantar gwamnati? Masu faɗin haka ba su ne za su biya miki bashin zango ba.

Saura lokacin biya, domin sau da yawa ba yawan kuɗin ke kayar da gida ba, ranar da suke faɗowa ce. Albashi wata-wata yake zuwa, makaranta zango-zango take nema, manomi kuma kaka-kaka yake samu. Idan aka bar yaron a makarantarsa ta yanzu, Satumba kaɗai za ta nemi 43,500, ga shi lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, kuɗin maigida duk suna cikin gona. Janairu da Afrilu 20,500 kowanne, Yuli 5,000. A gidan manomin shinkafa a Kebbi wannan ya zo da sauƙi, tun da ana noma biyu: girbin damina yana shigowa kafin zangon Janairu, na rani kuma wajen zango na uku. Tun a masussuka a ware buhun shanshera a ce wannan na makaranta ne, kada ya shiga lissafin kasuwa. Satumba kuwa aikin adashe ne. Mutum shida, zubin 7,500, kwasa 45,000, ki roƙi uwar adashe tun farko ta ba ki watan Agusta. Kwasar zagaye na biyu ki ajiye ta don makonnin hutu, lokacin da mai raino za ta riƙe yara biyu yini guda, dole a ƙara mata.

Wannan rabon sai an zauna an faɗe shi da baki. Ɗawainiyar 'ya'ya a kan uba take, abin da uwa ta sa taimako ne, kuma ya kamata a san ta sa. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne maigida ya biya 18,000 ya karɓi rasit, a ransa ya sauke nauyin makaranta, uwargida kuma tana zaro 900 kullum har 171,000 ba wanda ya sani, har ita kanta. Ba mugunta ba ce, bai taɓa ganin adadin a haɗe ba. Ki nuna masa takardar, lokacin da ya ci ya huta, ba a bakin ƙofa da safe yana neman makullin babur ba.

Wani abu kuma na mutanen iyaka. Duk gidan da abincinsa ya rataya a kan hanyar Lolo zuwa Madekali ko ta Tsamiya zuwa Segbana ya san yadda kasuwa ke tsayawa dare ɗaya. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe guda huɗu, Kamba da ke maƙwabtaka da su ma sai Afrilun 2022. Saboda haka kada a ɗora abin da ba ya jira, irin ladan mai raino, a kan ribar fatauci. A ɗora shi a kan albashi. Ribar ƙetare idan ta zo, ta sayi yunifom da takalmi, ko a biya zango gaba. Masu dangi a tsallaken kuma kan yi tunanin kai yaro can wurin kaka, tun da Benin ta soke kuɗin makarantar share fage da firamare ta gwamnati tun 2006. Gaskiya ne, amma da Faransanci ake karatun, kuma duk abin da za ki aika na ci da sutura da sefa za a kashe shi, ga yadda naira ta faɗi a gabanta tun 2023. Ga wanda zai dawo ya shiga aji ɗaya a Bagudo, ban ga ribar raba shi da uwarsa ba.

Jiya da dare mai wasiƙa ta sake kirana. Ta je firamaren, ta ƙirga yara 46 a ajin, malama ɗaya da mai taimaka mata, akwai famfon burtsatse amma katangar baya ta zube. Ba ta yanke shawara ba tukuna. Ta yi magana da wata dattijuwa a bayan asibitinsu, ita da abokiyar aikinta mai goyon wata biyar, matar ta ce su ba ta kwana biyu ta shawarci ɗanta. Maigidan ya ga takardar, ya ce a sake haɗa masa lissafin babur ɗin don bai yarda ba, aka sake, ya fito daidai. Ranar Juma'a zai haye gulbi ya je wurin Inna da maganar yarinyar.

Ku da ke Illo da Ka'oje da Zagga da sauran garuruwan yankin, masu biyan mai raino, ku rubuto mana nawa kuke bayarwa a wata, yara nawa, awa nawa, don ta san inda za ta fara ciniki kafin ranar Litinin.